Addu'ar da Na Yi wa Auta

Talata, da yamma

An sallamo Baba daga asibiti. Mun kwantar da shi a ɗakin yara don shi ne kusa da banɗaki, su kuma suka kwashi katifarsu suka koma falo, sai tsalle suke kamar an yi musu kyauta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana ji, yana gane kowa, amma magana ba ta fita, sai wani gurnani da ke tsayawa a maƙogwaro. Likita ya ce a yi haƙuri, wasu suna tashi.

Nas ɗin da za ta riƙa leƙo mu ta koya mana juya shi. A ninka zanin gado a shimfiɗa a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum ɗaya ta nan, ɗaya ta can, a ɗaga tare, a kwantar da shi ta gefe, a tokare bayansa da matashi. Ta ce kada a kuskura a ja shi, ja yana saɓule fata, in kuwa gyambon kwanciya ya kama tsoho to an shiga uku. Ta ce aikin mutum biyu ne. Sai da ta maimaita har da ɗaga yatsu, kamar tana magana da kurame.

Mutum biyun ni ce da ƙanwata Auta. Baban yara yana kan hanya da motar kaya, ba a san ranar dawowarsa ba. Ni shagona na wanki da guga a ƙofar gida yake. Ita tana gyaran gashi a shagon wata mata can bakin kasuwa, za ta riƙa zuwa da safe, da hutun rana, da kuma bayan an tashi.

Mun ɗaga shi tare. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba. Amma ni dai na yafe mata, tun a asibiti na faɗa wa Ubangiji.

Laraba, da sassafe

Ba zan rubuta kalmar ba. Takardar ma sai ta ji kunya.

A barandar asibiti ta faɗe ta, ranar da Baba ya faɗi. Da ƙarfi, a gaban likita, a gaban matar Fasto da ta rako ni, a gaban mutanen da ke jere a benci suna jiran layi. Har mai goge ƙasa sai da ya jingina da sandarsa yana kallo. Auta fa! Yarinyar da na goya bayan rasuwar Mama har bayana ya saba da ɗumin fitsarinta. Ni na koya mata ɗaura ɗankwali, ni na kai ta wurin koyon gyaran gashin da take taƙama da shi yau.

Laifina kuwa? Na tafi koyon waƙa a coci. Baba da bakinsa ya ce in tafi, ya ce shi ba jariri ba ne. Lafiyarsa ƙalau na bar shi, yana sauraron rediyo. Ita ta biyo ta same shi a ƙasa. Ban daɗe ba. Ko da na ɗan daɗe, ai ba gidan rawa na je ba.

Uffan ban ce mata ba a wurin. Na sunkuyar da kai, matar Fasto ta matse hannuna. Ina jin mutane sun ga bambanci.

Alhamis, tsakar rana

Na ƙone kwalar rigar malamin makarantar nan mai yawan surutu. Shekara da shekaru ina guga ban taɓa barin shati a rigar mutum ba, sai yau. Na ɗora dutsen guga, hankalina ya tafi barandar asibiti, ina ba Auta amsa. Kai, amsoshi masu daɗi nake da su! Wata ma sai da na yi dariya ni kaɗai. Ƙauri ne ya dawo da ni.

Da malamin ya zo na nuna masa, na ba shi haƙuri. Ya ɗaga rigar sama ya ce, “Ba komai, Maman yara, dama kwalar nan ta daɗe tana neman ritaya.” Ya saɓa ta a kafaɗa ya tafi yana dariya. Na bi shi da kallo ina mamakin yadda wasu haƙuri bai yi musu nauyi.

Tun muna yara ake koya mana a coci zancen juya ɗaya kuncin in an mare ka. To na juya. Abin da ba a gaya mana ba shi ne yadda za a yi da zafin na farkon, don nawa har yanzu raɗaɗi yake.

Juma'a, da magariba

Ta zo, mun juya shi, ta tafi. Ni dai na yafe mata.

Asabar, da hantsi

Auta ta makara, na kira maƙwabciyata ta kama mini. Tana shiga ɗakin Baba ya damƙe bargo da hannunsa mai lafiya, ya kawar da fuska, yana gurnani har jijiyar wuyansa ta tashi. Dole matar ta fita. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ko da singileti bai taɓa zama a gaban baƙi ba. Daga ni sai Auta ya yarda mu gan shi a haka.

Da ta iso ta shigo da kayan aski a jaka. “Tsoho mai ran ƙarfe! Wannan gemun fa? Budurwarka za ta gudu.” Rabin bakin Baba ya yi murmushi. Ta yi masa aski tas, ta shafa masa mai, tana ta zuba masa labarin kasuwa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kwanon ruwa kamar ƙusa a bango. Da ta gama ta ce wa iska, “A kama can.” Na kama.

Ko “Yaya” ba ta ƙara cewa. Ban san kalmar tana da daɗi haka ba sai da aka daina.

Lahadi, bayan sujada

Maƙwabciyata ta zauna da Baba, na samu na je coci. Fasto ya yi wa'azi a kan yadda aka zagi Ubangijinmu, aka tofa masa yawu, bai rama ba. Wallahi kowace jimla sai in ji kamar ni ake yabo. Na yi ta leƙen Auta can gefen taga in ga ko maganar ta shige ta. Ina! Tana gyara wa 'yar wata mata kitso da ya warware.

Sai a hanyar dawowa na lura rabin wa'azin ya wuce ni. Ina can ina gadin fuskar Auta.

Laraba, da yamma

Yau na ji sanyi a raina.

A taron addu'ar mata, yadda muka saba, muka zauna a da'ira, kowa ta faɗi buƙatarta sannan ta yi addu'a a fili, sauran suna amsawa. Wata ciwon ƙafa, wata ɗanta ya ƙi karatu. Da aka zo kaina na ce a sa ƙanwata. Na rufe ido, baki ya buɗe. Na ce, Ya Uba, ka ga abin da ya faru a barandar asibiti. Ka ji kalmar da ta kira ni da ita a gaban jama'a, ni da na raine ta. Na faɗi kalmar, ai Allah nake gaya wa. Na ce ka san ban rama ba. Ka san ko gaisuwa ba ta yi mini. Ka taɓa zuciyarta mai tauri, kada ka kama ta da laifin nan, ni na riga na yafe.

Amin ɗin da aka amsa har rufin kwano sai da ya ɗauka. Da na buɗe ido wasu suna share hawaye. Shugabar mawaƙa ta rungume ni ta ce, “Ke kam Allah ya ba ki zuciya.” Matar Fasto ce kaɗai ba ta ce komai ba, tana ta tattara kujeru. Ƙila gajiya ce.

Na dawo gida da sauƙin jiki, har waƙa nake a hanya.

Juma'a, da magariba

Mun juya Baba, mun gyara matashi. Auta ta wanke hannu, ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa. Karo na farko ke nan da ta dube ni ido cikin ido.

“Na ji an sa ni a addu'a,” in ji ta. “Tun jiya mata suke shigowa shago. Wata ta ce Allah ya shirye ni. Wata ta dafa kaina a gaban mai shago ta tsawata wa ruhun rashin kunya. Wata ko gashinta ba ta zo gyarawa ba, kallona kawai ta zo yi. Na gode ƙwarai.”

Na ce, “Ai alheri na roƙa miki.”

Ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Ta sunkuya ta sumbaci goshin Baba, ta fita.

To ni me na yi? A zage ni, in yi shiru, in yi addu'a, kuma ni ce mai laifi?

Asabar, tsakar rana

Ba ta zo ba.

Lahadi, da la'asar

Ba ta zo nan ba, kuma an ce ba a gan ta a coci ba. Oho dai. Ni ba zan kira ba, wadda ta yi zagi ita ce za ta nemi mutum.

Na juya Baba ni kaɗai. Na hau gadon da gwiwa, na kama zanin na jawo shi a hankali. A hankali dai na ce. Ya yi nishi, na ce, “Sannu Baba, an gama.” Idonsa yana kan ƙofa.

Talata, da safe

Bayana kamar an sassara shi. Sau biyu kawai na iya juya shi jiya, da rana kaya sun yi mini yawa a shago, wani otal ya aiko da zannuwan gado buhu guda.

Akwai ɗan ja a ƙasan bayansa, wajen ƙashin zama. Na shafa mai. Zafi ne kawai, ɗakin ba ya samun iska.

Laraba, da yamma

A taron mata aka tambaye ni labarin Auta. Na ce a ci gaba da addu'a. Aka yi ta girgiza kai. Ban ji daɗin da na ji wancan makon ba, ban san dalili ba.

Alhamis, da hantsi

Nas ta zo. Ta ɗaga rigar Baba ta duba bayansa. Wurin ya buɗe, ya kai faɗin murfin kwalba, yana ruwa.

“Wa yake kama miki?”

Na ce ƙanwata aiki ya yi mata yawa kwanan nan.

“Ja kike yi.” Ba tambaya ba ce. Ta wanke wurin, Baba ya runtse ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, inda ba ya ma jin saukarsa. Ta ce in aka ci gaba a haka zai ci har ƙashi, kuma irin wannan ciwon ya fi shanyewar jiki saurin ɗauke tsoho. Ta ce, “Ban san me ke tsakaninku ba, ban kuma tambaya ba. Amma shi ba ruwansa.”

Bayan ta tafi na ɗauki waya na nemo lambar Auta, na zuba mata ido har hasken wayar ya mutu. Na ajiye.

Juma'a, tsakar rana

Matar Fasto ta biyo shago, wai ta zo duba Baba. Ta same ni ina fama da zannuwan otal, ta ajiye jaka ta kama mini ninki. Ita can, ni nan, mu miƙe, mu haɗa baki, mu taho mu haɗu a tsakiya. Muna cikin haka ta ce, “'Yar'uwa, in tambaye ki? Addu'ar nan da kika yi wa Auta, da wa kike magana?”

Na ce da Allah mana.

“Shi da yake wurin lokacin da abin ya faru? Har sai kin ba shi labari daki-daki, da wurin, da kalmar?”

Na ce, “Mama, ni fa aka zaga.”

“Ina wurin, na ji. Ta yi miki ba daidai ba, kuma zan gaya mata in ta yarda ta gan ni. Amma mutanen barandar nan baƙi ne, kafin su isa gida sun manta. Ke kuwa kin kai ta gaban matan da za ta riƙa gani har ta tsufa.” Ta karɓi bakin zanin daga hannuna. “Ubangijinmu da ya roƙa wa masu zaginsa gafara, ai bai tsaya jera laifinsu ɗaya-ɗaya ba. Uzuri ya nema musu. Ke wane uzuri kika nema wa ƙanwarki?”

Na jawo wani zanin. Ta ce ita ma laifinta ne da ba ta tare ni tun a ranar ba, ta ji nauyin katse mai addu'a. Ta shiga ta gaida Baba ta tafi.

Raina ya ɓaci sosai. Sauƙi gare ta, ita wa ya taɓa zaginta? Na goge zannuwan nan kamar su suka yi mini laifi.

Asabar, da sassafe

Munafuka.

Ga ta nan na rubuta. Cewa ta yi, “Munafuka, kina can kina yi wa Allah waƙa, ubanki yana kwance a ƙasa.”

An sha zagina a shagon nan. Wani ya taɓa kirana ɓarauniya a kan safa ƙafa ɗaya, kafin ya kai bakin titi na manta da shi. Wannan kuwa ta samu wurin zama. Na yi ta juya abin ina jiƙa kaya, na ga dalilin ba wuya. Na san ban saci safa ba. Amma ranar nan an tashi daga koyon waƙa na tsaya hira a ƙofar coci, hirar da ba ta da kai, don kawai ban so in koma gida in ji rediyon Baba da kiran a kawo masa wannan a kawo masa wancan. Na gaji da shi a ranar. Auta ba ta san wannan ba, amma kalmarta ta sani.

Shi ya sa nake ta cewa na yafe, na yafe. In ni ce mai yafewa, ai ba ni ce mai laifi ba.

Lahadi, da rana

Ban je sujada ba. Na zauna gefen Baba na buɗe masa rediyo, ya yi mini alama in kashe. Na ce, “Baba, Auta kake so?” Ya rufe ido ya buɗe.

Na yi addu'a a zuci, gajeriya, ba mai amsa amin. Wuya ta yi mini fiye da waccan doguwar.

Litinin, da yamma

Gyambon ya ƙara faɗi. Gobe zan je.

Talata, da la'asar

Na je. Na tsara jawabina tun daga gida, da farkonsa da ƙarshensa. Ina shiga shagon na tarar da mata cike, injin busar da gashi yana ƙugi. An koya mana a coci in an samu saɓani a fara samun mutum ku biyu kaɗai, to ni da na fara da taro, yau ga shi ina neman ku biyu kaɗai babu. Auta ta hango ni ta madubi ta ci gaba da aikinta. Sai na zauna a benci cikin layi.

Da layi ya zo kaina mai shagon ta ce, “Auta, ga yayarki.” Ita kuwa ta karkaɗe tawul ta ce, “Me za a yi wa Madam?”

Na ce wankin kai.

Na kwantar da wuyana a bakin kwanon wanki. Ta sakar mini ruwan sanyi ƙarara, alhali ga na ɗumi a gefenta. Ta cuɗa kan nan kamar tana wankin bargo. Da muka koma gaban madubi ta sa matajin da ya fi kowanne ƙananan haƙora, ta fara daga tushe. Hawaye ya cika mini ido, ban ce wayyo ba.

Na ce a hankali, “Auta, abin da na yi a taron mata ba addu'a ba ce. Ramuwa ce. Na tona miki asiri, na sa sunan Allah a kai. Ki yi haƙuri.”

Saura jimla ɗaya a jawabin nawa, wadda ke cewa ni ma na yafe miki. Ta zo har bakin haƙorina. Na cije ta.

Matajin ya tsaya. Ta sunkuyo kamar tana duba tsagar gashi, muryarta ƙasa-ƙasa. “Kin san a yaya na same shi? Ba ki taɓa tambaya ba. A banɗaki, famfo a buɗe, ruwa yana zuba a kansa, jikinsa ya yi sanyi kamar... Na ɗauka ya tafi, Yaya. Na kira ki, na kira ki, na kira ki.”

A ranar wayata tana cikin kwando. Dokar mawaƙa ce, kowa ya kashe wayarsa ya jefa a kwando a bakin ƙofa don kada a raba hankali a gaban Allah. Ni ce ma na kawo shawarar.

“Sunanki yake kira,” in ji ta. “A lokacin bakinsa bai gama rufewa ba. Shi ne abu na ƙarshe da na ji ya faɗa sosai. Ni na ɗaga shi, amma ke yake nema.”

Ban taɓa tunanin ta wannan gefen ba. Makonni ina lissafin abin da kunnena ya ji a barandar, ban taɓa tambayar abin da idonta ya gani kafin ta iso can ba.

Na ce, “Baba ya yi gyambo. Ja nake yi ni kaɗai. Nas ta ce zai iya kai shi.”

Ta dube ni ta madubi. Sai ta ajiye matajin ta ce wa ta gaba, “Hajiya, taso.” Na ɗaura ɗankwali a kan jiƙaƙƙen gashi rabi a taje, na fito. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Laraba, da hantsi

Ina buɗe shago na ga Auta tsaye, idonta a kumbure. Ba gaisuwa, ta wuce ɗakin Baba. Na bi ta. Ta ɗaga rigarsa, ta ɗaye bandejin.

Ta yi wani sauti kamar an taka ta. Sannan ta juyo kaina.

“Muguwa! Girman kanki ya cinye naman Baba! Kina da waya, kina da ƙafa, kin gwammace ya ruɓe da ki kira ni? Wace irin zuciya gare ki?”

Wannan ya fi na asibiti, kuma a gaban Baba. Amsa ta taso mini nan take, a shirye, mai kaifi: ke da kika daina zuwa fa, wa ya ɗaure miki ƙafa? Gaskiya ce kuma, kowane alƙali zai ba ni ita. Na ji ɗanɗanonta a baki.

Sai na ga hannunta. Rawa yake, har bandejin yana karkarwa. Irin rawar da yake yi tun tana ƙarama in aka yi tsawa. Ba ni take zagi ba, tsoro take ji, ni ce kawai a kusa. Ban san yadda aka yi ba, amma wannan karon maganar ba ta samu inda za ta maƙale ba. Ba haɗiye ta na yi don in ajiye ba, kamar waccan. Wucewa ta yi.

Na ce, “Da na kira ki tun farko. Kama can, ya daɗe a gefen nan.”

Ta buɗe baki za ta ƙara, ta rasa abin turawa. Ta share hanci da bayan hannu ta kama.

Laraba, da yamma

Ba ta koma shago ba. Ta wanke gyambon yadda nas ta nuna mini, ta fi ni sauƙin hannu. Mun juya shi a kan kari duk yinin yau. Ya sha ruwa da yawa, ya yi barci mai nauyi. Ban san ko wurin zai warke ba, nas ta ce sai an ga mako mai zuwa.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ko na asibiti ko na yau. Ƙila ta bayar wata rana, ƙila ba za ta taɓa ba. Na duba cikina na ga ba na zaman jira.

Ɗazu na zauna a ƙasa na jingina da gadon Baba ina wannan rubutun. Ta zo ta zauna can nesa, tana danna waya. Can ta matso. Can kuma na ji nauyi a cinyata, ashe barci ne ya kwashe ta, baki a buɗe, har da yawu a zanina.

Yanzu ake taron mata. Shugabar mawaƙa ta turo saƙo: “Ba mu gan ki ba. Yaya ƙanwar taki, ta tuba?” Na rubuta mata da hannu ɗaya: “Ni ce na yi mata laifi. A cire sunanta, a sa nawa.”

Ƙafata ta mutu tun ɗazu, kamar ana tsira mata allurai. Ga kaya a kan igiya, hadari kuma ya haɗo. Su jiƙe. Ba zan motsa ba.